Madubin Mota Mai Jan Kaya da Lafiyar Mai Keke a Hanyar Malanville

Madubin gefe shi ne kaɗai idon da direban mota mai jan kaya yake da shi a bayansa. Mai ƙaramar mota yana iya ɗaga kai ya duba madubin ciki, ko ya waiga ta gilashin baya. Wanda ya ɗaura wa motarsa akwatin kaya kuwa, ko yake tuƙa tirela, ba shi da wannan gata, domin abin da yake ja ya tare masa baya gaba ɗaya. Duk abin da zai sani game da mai keken da ke binsa, ko mai babur ɗin da ke neman kutsawa ta gefensa, sai ta gilasan da ke maƙale a ƙofofinsa. Idan abin da ake ja ya fi motar faɗi, madubin da masu ƙera motar suka sa mata ba ya nuna komai face goshin kayan. Wannan ne dalilin ƙera madubi mai dogon hannu, wanda ake zarowa waje ko a ɗaura shi a kan na asali, don ido ya zarce faɗin kaya ya hango titi.

Garin Malanville wuri ne da wannan magana take da nauyi. Yana ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin, a jihar Alibori, a bakin Kogin Kwara, yana fuskantar Gaya ta Jamhuriyar Nijar. A nan babbar hanyar RNIE 2 take ƙarewa, bayan ta taso daga Kwatano ta ratsa Bohicon da Dassa da Savè da Parakou da Kandi, tafiyar da ta haura kilomita 700. Layin dogon da ya taso daga Kwatano a Parakou ya tsaya, saboda haka, a lokacin da iyaka take buɗe, kayan da Nijar take shigowa da su ta tashar jiragen ruwan Kwatano a kan taya suke ƙarasa tafiya, su haye gada zuwa Gaya, su wuce Dosso, daga can a rarraba su zuwa Yamai ko Maraɗi. Kuma hanyar ba bayan gari ta bi ba. Ita ce titin da ɗan makaranta yake bi a kan keke, ita manomin shinkafa yake bi zuwa fadama, ita mai amalanken jaki yake bi da buhunan albasa. Kasuwar garin, wadda ake lissafa ta a matsayin ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, tana cika a ƙarshen mako da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, da 'yan kasuwa daga Nijar da Najeriya. Mota mai nauyin tan arba'in da keken da yaro zai iya ɗagawa da hannu ɗaya, kwalta ɗaya suke takawa.

Masu jan kaya a wannan yanki iri-iri ne. Akwai tirela da tankar mai, waɗanda kansu daban yake da bodinsu. Akwai motocin auduga da ke zirga-zirga a yankin Kandi da Banikoara lokacin kaka, waɗanda lodinsu yake tashi sama ya kumbura ta gefe. Akwai tarakta mai jan akwati daga gona, da ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake ɗaura wa tankin ruwa ko injin wuta, da motar da ta mutu a hanya ake janta da ƙarfe ko igiya. Madubin da aka ƙera musamman don a zaro shi ba shi da yawa a nan, an fi ganinsa a Turai da Amurka inda mutane suke jan ɗakin kwana mai taya a bayan motarsu. Abin da ake yi a garejin bakin hanya shi ne a kai wa mai walda ya ƙara wa hannun madubi tsawo da guntun ƙarfe. Manufar dai ɗaya ce, kuma ƙa'idojin da suka hau kan na kamfani su ne suka hau kan na mai walda.

Lissafin ba shi da wuya. A ce mota faɗinta mita 1.8 ne, tana jan akwati mai faɗin mita 2.3. Akwatin ya fito waje da santimita 25 ta kowane gefe. Madubin motar na asali da ƙyar ya kai wannan nisa, don haka direba zai ga kusurwar akwatin, ya ga abin da ke can nesa da gefensa, amma zirin da ke manne da jikin akwatin har zuwa bayansa ya ɓace masa. A cikin wannan ziri ne mai keke yake tafiya. Haka abin yake ga babbar mota. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda Benin da Nijar duk suke ƙarƙashinta, ta ƙayyade faɗin babbar mota a mita 2.55, tsayinta sama kuma mita 4. Masu ƙera mota da irin wannan faɗi suka auna hannun madubi. Da zarar an jera buhunan albasa ko masara sun turo tamfol waje da taƙi ɗaya ta kowane gefe, awon ya tashi aiki, direba kuma ya koma kallon buhu maimakon titi. Lodin da ya wuce ƙa'ida an fi yin maganarsa ta fuskar lalata kwalta, amma makantar da yake jawo wa direba ba ta fi wannan sauƙi ba.

Ingila tana da awo bayyananne da za a iya aro a ko'ina. A can ana so mai jan kaya ya iya ganin faɗin mita 4 daga gefen abin da yake ja, a nisan mita 20 bayan direba. Sannan madubin kada ya zarce wuri mafi faɗi na motar ko na abin da take ja da fiye da santimita 25, ko 20 ga tsofaffin motoci. Iyaka ta biyun nan tana da muhimmanci kamar ta farko, ko da yake ita aka fi mantawa da ita. Madubin ƙaramar mota daidai kafaɗar mai keke yake, na matsakaiciyar motar kaya kuma daidai kansa. Hannun ƙarfen da aka tsawaita fiye da kima yana iya make mutumin da jikin motar bai taɓa ba. Shi ya sa ake cire madubin ƙari, ko a mayar da shi ciki, da zarar an kwance abin da ake ja. Direban da ya sauke akwati a kasuwa ya shiga lungu da dogayen madubai ya manta cewa motarsa ta fi yadda ya saba da ita faɗi.

Matsalar madubin ƙari ta biyu ita ce rawa. Duk tsawon da aka ƙara wa hannu yana ƙara masa karkarwa, musamman a hanyar da ba ta da kwalta kamar waɗanda suke shiga ƙauyukan bakin kogi. Hoton da ke rawa ba ya bari a bambanta mai keke da kututture. Wanda ake ɗaurewa da roba kuma zafin bazara, da ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, yana busar da robar har ta saki. Na walda ya fi ƙarko, amma yana da nasa aibin: madubin kamfani an yi shi ne ya lanƙwashe idan ya bugi wani abu, wanda aka like da wuta kuwa ba ya lanƙwasa, sai dai abin da ya buga ya karye. Mai walda da ya san aikinsa yana barin mahaɗin asali yadda yake, ya ƙara tsawon daga gabansa, ya kuma sa ƙaramin ƙarfe a karkace ya tallafe hannun don rage karkarwa.

Gilashin kansa iri biyu ne. Shimfiɗaɗɗen gilashi yana nuna nisa yadda yake, amma filin da yake ɗauka kaɗan ne. Mai doro yana kwaso fili mai faɗi, sai dai yana ƙanƙantar da komai, har abin da ke kusa ya zama kamar yana nesa. Direban da bai saba da shi ba zai ɗauka ya wuce mai keke da tazara, ya koma hannunsa, alhali bayan tirelar bai gama wucewa ba. Saboda kowanne yana da inda ya gaza, babbar mota ta zamani ba ta dogara da gilashi ɗaya. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 46 ta kasa madubai gida bakwai. Huɗu daga ciki ne suka shafi tirela: babban madubin gefe, da mai doro da ke kusa da shi don faɗaɗa gani, da wanda ke saman ƙofar fasinja yana kallon ƙasa daidai tayar gaba, da wanda ke saman gilashin gaba yana nuna abin da ke ƙarƙashin hancin motar. Tarayyar Turai ta wajabta ingantattun madubai ga sababbin manyan motoci daga shekarar 2007, sannan ta ce waɗanda aka yi wa rajista daga shekarar 2000 su ma a gyara nasu kafin ƙarshen Maris na 2009. Mutuwar masu keke a ƙarƙashin motocin da ke karya kwana ce ta jawo waɗannan dokoki.

Wannan tarihi ya shafi Malanville kai tsaye, domin da yawa daga cikin kawunan tirelar da ke bin hanyar tsofaffin Renault da Mercedes da DAF da MAN ne da suka gama aiki a Turai, tare da Howo na ƙasar Sin da suka yawaita daga baya. Wasu sun iso da madubansu cikakku, wasu sun girmi dokar. Abin da ke faruwa bayan isowarsu shi ne damuwar. Madubin saman ƙofa da na gaba su ne reshen bishiya ko gefen wata mota ya fi saurin tsinkewa, kuma su ne ba a cika mayarwa ba, domin direba ba ya jin rashinsu a doguwar tafiya. Babban madubi idan ya fashe, a ranar ake gyara shi, sau da yawa da guntun madubin ɗaki da aka yanka aka like. Irin wannan gilashi shimfiɗaɗɗe ne, ba ya kwaso filin da na asali yake kwasowa. Motar za ta ci gaba da tafiya lafiya lau a dajin da ke tsakanin Kandi da Guéné. Sai ta shigo gari, inda mutane suke dab da tayoyinta, asarar take bayyana.

Saita madubi aikin mutum biyu ne, kuma ana yin sa ne bayan an gama lodi an ɗaure tamfol, motar tana tsaye kai da bodi a miƙe. Direba ya zauna yadda yake zama idan yana tuƙi, bayansa jingine da kujera. Babban madubi a juya shi har gefen bodin ya rage siriri a bakin gilashin na ciki, sauran duka titi ne, ƙarshen tirelar kuma yana bayyane. Mai doro a sunkuyar da shi har tayoyin baya su fito a ciki. Daga nan yaron mota ya ɗauki keke, ko ya tafi a ƙafa, ya faro daga bayan tirelar ta hannun dama, kamu biyu daga jikinta, yana takowa gaba a hankali. Direba yana binsa da ido daga wannan gilashi zuwa wancan. Duk inda yaron ya ɓace, direba ya yi masa magana ya tsaya, ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, sannan ya ci gaba har ya zagayo ta gaban motar, dab da bamba. Sau da yawa direban da ya yi shekaru a hanya yakan yi mamakin tsawon wurin da mutum sukutum yake ɓacewa. Gwajin ba ya cin kuɗi, ba ya ɗaukar lokacin da ya kai na shan shayi, kuma ya fi kowane bayani shiga kai.

Ko an saita komai daidai, akwai wuraren da suke saura. A Benin, kamar Nijar da Najeriya, ana tuƙi ta hannun dama, direba yana zaune a hagu. Gefen da ya fi nisa da idonsa ke nan shi ne na dama, kuma nan ne bakin titi, inda mai keke yake raɓewa don ya ba manya hanya. Wurin da ya fi haɗari yana farawa daga ƙarƙashin ƙofar fasinja ya bazu baya a karkace. Na biyu shi ne gaban motar: direba yana zaune sama, idonsa ya haura mita biyu daga ƙasa, don haka yaron da ke tura keke dab da bamba ba ya cikin abin da gilashin gaba yake nuna masa. Na uku bayan tirela ne, inda babu madubin da yake kaiwa. Faransa ta wajabta, daga 1 ga Janairun 2021, a manna wa motocin da suka haura tan 3.5 takardar gargaɗi mai nuna waɗannan wurare, kuma akan ga irinta a jikin motocin da aka sayo daga can. Takardar tana da amfani ga wanda aka yi wa bayaninta. Ga wanda ba a yi wa ba, ado ce kawai kamar sauran zanen jikin mota.

Karya kwana ita ce lokacin da komai yake haɗuwa. Tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi ta ciki, kuma gwargwadon tsawon bodi gwargwadon yankewar. Don kada bayan ya hau bakin titi, direban da zai shiga dama sai ya fara buɗewa hagu. Mai keken da ke biye da shi yana ganin fili ya buɗe a dama, ya ɗauka motar hagu za ta, sai ya zura kai. Kafin ya ankara kan motar ya dawo ya tare masa gaba, bodin kuma yana matsowa ta gefe kamar ƙyauren da ake rufewa. A daidai wannan lokaci madubi yake daina aiki. Madubai a jikin kan mota suke, idan kan ya karkata dama, babban madubin dama ba ya nuna komai sai bangon tirelar, na hagu kuma yana kallon wani fili can daban. Babu tsawon hannun da ke maganin wannan. Kuma irin wannan haɗari ba ya bukatar gudu, a tafiyar da ba ta fi ta mai sassarfa ba yake aukuwa, nauyin motar ne yake kisa.

Abin da ya rage wa direba shi ne ya gama dubawa kafin ya karya sitiyari. Ya kunna sigina tun da nisa, ya lura da duk mai keke ko babur ɗin da ya wuce a mita ɗari na ƙarshe, ya tambayi kansa ina kowannensu ya shiga. Wanda ya gani ɗazu kuma yanzu ba ya ganinsa, to ya ɗauka yana gefen ƙofa har sai ya tabbatar ba haka ba ne. Kallo ɗaya ba ya wadatarwa. Keken da ke tafiyar kilomita 15 a awa yana cin mita 4 a daƙiƙa guda, babur mai tafiyar 30 yana cin 8. Madubin da aka duba ya nuna babu kowa, bayan daƙiƙa biyu labarinsa ya tsufa.

Wuce mai keke a miƙaƙƙiyar hanya shi ma yana da nasa lissafin. Tirela mai tsawon mita 16.5 da ke tafiyar kilomita 40 a awa, idan za ta wuce keke mai tafiyar 15, za su jera kusan daƙiƙa 3, a cikinsu motar ta ci kimanin mita 30. Duk tsawon wannan lokaci mai keken yana tsakanin tayoyi da bakin kwalta. Iskar da kan motar yake turowa tana tunkuɗa shi waje, tana wucewa kuma wata ta jawo shi ciki, wajen tayoyin baya. Dokar hanya ta Faransa ta ce a bar mita 1 a cikin gari, mita 1.5 a wajen gari. Ingila ta sa mita 1.5 a ƙa'idojinta na 2022, da ƙari idan gudu ya ƙaru. Waɗannan awo an yi su ne da keke mara kaya a zuciya. Keken da ke shigowa Malanville daga Bodjécali ko Garou ranar kasuwa yana iya ɗauke da jarkoki biyu a gefe, ko dami na itace a gicciye, ko buhun shinkafa a kariya da ƙaramin yaro a kan ƙarfen gaba. Irin wannan keke faɗinsa ya ninka, birkinsa bai kai nauyinsa ba, kuma kowane rami yana sa shi tangaɗi. Bakin kwalta da ya zaizaye ko yashi ya hau shi yana tilasta masa shigowa ciki ba shiri. Idan babu filin da za a ba shi, daidai shi ne a rage gudu a bi shi a baya har hanya ta buɗe. Danna masa oda daga kusa ba ya ƙara wa titi faɗi, firgita shi kawai yake yi, firgitaccen mai keke kuma bai san inda zai karkata ba.

Yanayi yana rage wa madubi ƙarfi ta hanyoyin da ba a cika lissafawa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo da ƙurar hunturu suna kwanciya a kan gilashi, mai doro kuma da ma hotonsa ƙarami ne, ƙura kaɗan ta ishe shi ya ɓatar da mutum. Da damina taɓon da tayar gaba take watsawa a madubin ƙasa yake sauka. Tsumma da ɗan ruwa a kowane zango sun wadatar. Da dare kuwa matsalar ta koma kan keken: mafi yawa ba su da fitila, madubi kuma ba ya nuna abin da ba shi da haske. Ɗan abin ƙyalli a bayan keke da kan feda, ko riga mai haske, yana iya zama bambancin gani da rashin gani.

Babbar motar Afirka ta Yamma tana da abin da takwararta ta Turai ba ta da shi, wato yaron mota. Yana zaune a dama, daidai gefen da direba ba ya gani. Idan ya leƙa ta taga a kowace kwana, ya sauka ya tsaya inda direba yake hango shi a madubi duk lokacin da za a ja da baya, ya fi kowane gilashi. Sharaɗin shi ne su yi yarjejeniya tun farko a kan alamar tsayawa, kuma direba ya taka birki da zarar yaron ya ɓace masa. Abin takaici ne a ga wannan ido na biyu yana barci ko yana danna waya a daidai shigowa gari, bayan ya kwana a farke a dajin da babu kowa.

Mai keke ma yana da nasa rabon, ko da yake ba daidai yake da na direba ba, tunda kuskurensa kansa yake ci, na direba kuwa wani yake ci. Ƙa'idar da ta fi kowacce sauƙin riƙewa ita ce, wanda ba ya ganin fuskar direba a madubi, direba ma ba ya ganinsa. Ganin fuskar kuma ba tabbacin an gan shi ba ne. Kada ya shiga tsakanin babbar mota da bakin titi a kusa da mararraba, ko da motar tana tsaye, domin tashi za ta yi. Idan ta same shi a tsaye ta tsaya a gefensa, gara ya sauka ya ja kekensa baya ko ya hau gefe. Kada ya gitta dab da hancinta. Sai kuma al'adar yara ta kama bayan motar da ke tafiya a hankali don ta ja su, wadda take sa su a wurin da babu madubin da zai nuna su. Makarantu da masallatai da ƙungiyoyin masu babur ɗin haya su ne wuraren da irin wannan bayani zai fi saurin isa ga masu bukatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Motar da ke tsaye ita ma tana da nata haɗarin, kuma Malanville ta ga wannan sosai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta sa, an rufe gadar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a bakin hanya na tsawon makonni. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ci gaba da rufe nata, mutane da kaya suka koma tsallaka kogi a kwalekwale, babura da masu ƙafa uku suna kai kaya bakin ruwa. Ko a lokacin da iyaka take buɗe, jiran takardun kwastam yana tara motoci a gefen titi. Layin motoci yana cinye wurin da mai keke yake bi, ya tura shi tsakiyar hanya. Yana ɓoye wanda zai fito daga tsakanin motoci biyu. Mutane kuma suna fakewa a inuwar tirela, wasu har su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Direban da ya daɗe a tsaye, kafin ya tayar da mota, wajibi ne ya zagaya ta da ƙafarsa ya leƙa ƙarƙashi, ya kuma sake duba madubansa, domin wanda ya lanƙwashe su don wata mota ta wuce ba lallai ne ya mayar da su yadda suke ba.

Ta fuskar hukuma, kayan aikin suna nan. Cibiyar kiyaye haɗurra ta ƙasa, CNSR, ita take duba lafiyar motoci a Benin, hukumar ANaTT tana kula da lasisin tuƙi, rundunar 'yan sandan da aka kafa a 2018 bayan haɗe 'yan sanda da jandarmomi kuma ita take tsaron hanya. Tsaurara dokar hular kwano daga Maris na 2024 ta nuna cewa idan an sa ido, ɗabi'ar masu hanya tana sauyawa. Hular kwano dai kai take karewa, ba ta hana shiga ƙarƙashin taya. Abin da zai taɓa wannan matsala shi ne mai duba mota ya ƙirga madubai ya tabbatar da irin gilashinsu, ba ya tsaya ga ganin akwai wani abu mai ƙyalli a ƙofa ba, a kuma auna faɗin lodi a inda ake auna nauyinsa. Akwai kuma shingen ƙarfe da ake sa wa gefen tirela tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda yake ture wanda ya faɗi waje maimakon ya gangara ƙarƙashi. A Turai wajibi ne, kuma aiki ne da masu waldar garin za su iya yi. Kyamarar gefe da ta baya sun yi araha a 'yan shekarun nan, birnin Landan ma tun 2021 yake auna manyan motoci da gwargwadon abin da direba yake gani da idonsa kai tsaye kafin a bar su su shiga. Sai dai kyamara tana bukatar wuta da gyara da gogewa, ƙura kuma ba ta bambanta ta da madubi. Ga garin da babbar hanyar ƙasa da ƙasa take ratsa shi, matakan da suka fi tasiri su ne na titin kansa: filin ajiye manyan motoci a wajen gari da zai ɗauke su daga bakin hanya, gefen kwalta mai faɗi da ake share wa yashi, fitilu a mararrabar kasuwa da hanyar gada, da taƙaita shigowar tirela tsakiyar gari a sa'o'in da kasuwa take cika da lokacin tashin 'yan makaranta.